Ɗan Gwajin Firdausi

Ranar wata Litinin da hantsi Muhtari ya fara ganin Firdausi, a ofishin ilimi na shiyya da ke Kaura Namoda. An kwana ana iska, don haka ya shigo da ƙura a takalmi, fayil a hammata. Ita kuwa tana zaune kusa da taga a bayan tafireta, sanye da hijabi ruwan toka, yatsunta suna gudu a kan haruffa ba tare da ta dube su ba.

Ya yi sallama. Ta amsa, ba ta ɗago kai ba.

"Daga Shinkafi aka yi mini canjin makaranta. An ce in kawo takarduna nan."

Ta karɓi fayil ɗin ta buɗe, ta bi takardar farko da ido.

"Malam Muhtari Jaji, mutumin Zurmi, malamin Hausa. Ashe ma ɗan gwaji ne."

"Ɗan me?"

"Ga shi a rubuce. An ɗauke ka aiki bisa gwaji na shekara biyu. Ka ci wata takwas, saura sha shida."

"Kin iya lissafi."

"Shi ya sa ban zama malamar Hausa ba."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Ta ga yana dariya, ita ma dariyar ta kuɓuce mata kafin ta rufe baki da gefen hijabi. Muhtari ya sa hannu a inda ta nuna masa, ya fita, ya bar bironsa a kan teburinta. Shi dai ya ce mantuwa ce. Babu wanda ya yarda.

Washegari ya dawo neman biro, ta ce ba ta gani ba. Bayan kwana biyu ya dawo tambayar ko an ba fayil ɗinsa lamba. Da aka ba shi lambar, sai ya dawo ya ji ko ita ce daidai.

Wannan ba hali ne mai kyau ba. Ofis wurin aiki ne. Kuma a shekarun nan da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara, ko a motar haya an raba maza da mata, balle a ga namiji yana zarya a gaban teburin 'yar mutane. Firdausi ta fi shi sanin haka.

"Malam," ta ce da shi a zuwa na huɗu, "lambar fayil ɗinka ba ta canza ba tun jiya. Idan wata magana ce daban, gidanmu yana da ƙofa, ni kuma ina da uba. Ka je tasha ka tambayi gidan Alhaji Na'Allah."

Babu wanda bai san Alhaji Na'Allah ba a tashar Kaura. Motocinsa na haya suna bin hanyar Shinkafi da ta Zurmi, biyu daga ciki na mata ne zalla. Bai yi boko ba, amma ya san mutane, kuma yana da wata al'ada da duk tasha ta haddace. Idan ya ɗauki sabon direba, kowace safiya direban zai zo ya karɓi makullin mota, da yamma ya mayar. Haka za a yi ta yi, ko wata uku ko shekara. Ranar da Alhaji ya gamsu da shi, sai ya kira shi a gaban mutanen tasha, ya danƙa masa makullin a tafin hannu, ya ce, "Ka kwana da shi." Daga ranar ya zama direban gida. Wanda bai ji wannan kalma ba, komai daɗewarsa yana jan motar, ɗan gwaji ne.

Muhtari ya bi ta ƙofa kamar yadda aka ce. Aka ba shi izinin zance ranar Juma'a da Lahadi bayan la'asar, a zaure, ƙofar cikin gida a buɗe. Inna Tasalla, mahaifiyar Firdausi, takan zauna a tsakar gida tana gyaran wake. Idan ta yi tari sau biyu, zance ya ƙare.

Da sabis ɗin waya ya iso Kaura, Muhtari ya sayi wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi, Firdausi kuma ta gaji ta yayanta. Daga nan saƙonni suka cike kwanakin da babu zance.

"Sakatariyata, yau na ce wa 'yan aji biyu su kawo misalin suna mai daɗin faɗa. Babu wanda ya ci. Amsar tana zaune a bayan tafireta."

"Ɗan gwajina, ka koya wa 'ya'yan mutane abin da zai fito a jarrabawa. Sunana ba ya cikin manhaja. Ka ci abinci?"

"Na ci garau-garau a bakin makaranta. Ina ci ina tunanin ranar da zan daina."

"Allah ya kawo ranar. Amma ka sani, ni ma shi na fi iyawa."

Bayan wata goma, Muhtari ya turo ƙanin mahaifinsa, Kawu Mahmuda, daga Zurmi don neman aure. Alhaji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya gyara zama.

"Na bincika yaronku. Ba ya shaye-shaye, ba ya rasa jam'i, kuma ɗiyata na son shi. Amma an ce mini aikin nashi gwaji ne."

"Aikin gwamnati ne, Alhaji."

"Gwamnatin da ta ɗauke shi ba ta gama yarda da shi ba, ni za ku ce in riga ta? Ni ko makullin mota ba ni barin ɗan gwaji ya kwana da shi, balle ɗiya. Ran da aka tabbatar da shi, ku taho da takarda in gani. Ran nan za mu sa rana."

Magana ce ta hankali, kuma babu wanda ya ji haushi. Wata shida kawai suka rage.

A nan ne ya kamata a faɗi ciwon Muhtari. Yaron kirki ne, ba a musu. Amma yana da cutar da ke kama masu ɗan karatu: ya gwammace ya yi kuskure da ya buɗe baki ya ce bai sani ba, musamman a gaban mace. Yarinyar da yake so a ofishin ilimi take aiki, takardun malamai a hannunta suke wucewa kullum. Bai tambaye ta ba. Sai ya je ya tambayi Faruku.

Malam Faruku malamin tarihi ne a makarantarsu, shekararsa bakwai a aiki, kuma gidansu yana layi ɗaya da na Alhaji Na'Allah. Abin da Muhtari bai sani ba shi ne, Faruku ya taɓa neman Firdausi, ta ba shi haƙuri, haƙurin kuma bai zauna masa ba.

A ɗakin malamai Muhtari ya same shi yana gyaran takardun yara.

"Yaya Faruku, idan shekara biyun nan ta cika, me ake yi?"

"Me kuwa za a yi? Zama za ka yi. Gwaji kamar azumi ne, da wata ya cika sai Salla."

"Ba a rubuta komai?"

"Da kanta take zama. Ranar da kwanakinka suka cika, ka tabbata. Ka ja layi a ƙarƙashin shekara biyun da ke takardarka, shi ke nan shaida."

Muhtari ya yi godiya. Faruku ya ci gaba da jan jan biro a kan takardun yara, bai ko ɗaga kai ba.

Sau ɗaya Firdausi ta taɓo maganar a zaure.

"Batun tabbatarwa fa, ka fara?"

"Komai yana kan hanya, Sakatariya."

Ta ɗauka ya rubuta takardarsa tana hannun shugaban makaranta. Ta so ta ƙara tambaya, kunya ta hana ta, kada ya ce tana gaggawar aure. Ita ma nan ta yi nata kuskuren. Kunyar da za ta hana a tambayi abin da zai ɓata zumunci gobe ba ta da amfani.

Ba a jima ba ofis ya tura ta Gusau kwas ɗin wata uku don koyon kwamfuta, ta sauka a gidan gwaggonta. Tana can ranar da shekara biyun Muhtari ta cika. Da safe, tana shirin fita, wayarta ta yi ƙara.

"Sakatariyata, albishirinki. Daga yau babu sauran ɗan gwaji. Na tabbata. Ki nemo mini wani sunan."

Firdausi ta zauna a bakin gado ta karanta sau uku. A zatonta takardar ta iso ofis bayan tafiyarta. Ta rubuta masa:

"Goro fari tas. Alhamdu lillahi. Sabon sunan yana bakina, amma ba na waya ba ne. Sai ranar da ya dace za ka ji shi."

Nan take ta kira Inna. Inna ta gaya wa Alhaji. Alhaji kuwa mutum ne mai cika magana, a ranar ya aika Zurmi cewa su zo ranar Asabar a sa rana.

Ranar Asabar bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. 'Yan'uwan Alhaji sun zo, dattawan tasha sun zo, Kawu Mahmuda da mutanensa sun iso da goro da alewa. Aka yi addu'a. Alhaji ya miƙa hannu.

"To, ina takardar?"

Kawu Mahmuda ya zaro ambulan ɗin da Muhtari ya ba shi. Duk wurin babu mai karanta Turanci, sai Alhaji ya ce a kira maƙwabcinsu Malam Faruku. Da ma yana kusa.

Faruku ya buɗe takardar, ya duba, ya girgiza kai kamar mai jin tausayi.

"Baba Alhaji, wannan ai takardar ɗaukar aiki ce, ta tun farko. An dai ja layi a ƙarƙashin shekara biyu. Takardar tabbatarwa daban take. Sai an nema, an duba aikin mutum, sannan a rubuto masa. Wanda lokacinsa ya cika ba a rubuto masa ba, ana iya ƙara masa gwajin, ana ma iya sallamarsa."

Kawu Mahmuda ya sunkuyar da kai. Alhaji ya karɓi takardar ya ninke ta yadda take, ya mayar masa.

"Ku koma da goronku. Ban ƙi shi don ba shi da komi ba. Gwaji ma cewa na yi a jira. Amma wanda zai sa in tara mutane bisa ƙarya tun bai shigo gidana ba, mi zai yi in ya shigo?"

Firdausi ta dawo Kaura ranar Lahadi, ta tarar Baba ba ya amsa gaisuwarta sai da kai. Ranar Litinin ta riga kowa zuwa ofis, ta ciro fayil ɗin Muhtari. Yana nan yadda ta bar shi. Ta ɗauki waya ta rubuta masa.

"Malam Muhtari, na buɗe fayil ɗinka. Babu takardar nema, babu rahoton shugaban makaranta, babu komai. Ka ce mini komai yana kan hanya. Wace hanya? Da bakina na kai labarin da ya kunyata Baba a gaban mutanensa."

"Wallahi ban yi miki ƙarya ba. An ce mini da kanta take zama idan lokaci ya cika."

"Kai ne malamin Hausa. Ka gaya mini bambancin 'na tabbata' da 'an tabbatar da ni'. Kada ka sake rubuto mini sai ka samo amsa."

Abin da ya fi yi masa ciwo ba tambayar ba ce. Sunan da ta kira shi da shi ne. Tun ranar farko ba ta taɓa ce masa Malam Muhtari ba sai yau.

Kwana uku yana shiga aji yana fita kamar marar lafiya. A rana ta huɗu ya je ofishin ilimi, ya bi layi a bayan wasu malamai biyu, har aka zo kansa. Ya tsaya a gaban teburinta, ya cire girman kai ya ajiye.

"Malama Firdausi, ban san yadda ake yi ba. Ki koya mini."

Da ya faɗi wannan kalma wata shida da suka wuce, da babu abin da ya faru.

"Zauna," ta ce. "Za ka rubuta takardar neman tabbatarwa ta hannun shugaban makarantarku. Shi zai haɗa da rahoton aikinka. Tunda ka fara a Shinkafi, sai an samu rahoton wanda ka yi aiki a ƙarƙashinsa a can. Daga nan mu tura Gusau. Idan sun zauna sun gamsu, su rubuto. Kafin wannan takarda ta zo, kai ɗan gwaji ne, ko da furfura."

"Malam Labbo ne shugabana a Shinkafi."

"Ya yi ritaya. Yana Kasuwar Daji yana noma." Ta rage murya. "Wa ya ce maka da kanta take zama?"

Muhtari ya faɗi sunan.

"Faruku," ta maimaita. "Wanda ya rubuta tasa da hannunsa tun saura wata uku lokacinsa ya cika. Ka san ya taɓa zuwa gidanmu kafin kai?"

Muhtari ya ji kamar an zuba masa ruwan randa. Ya miƙe.

"Nashi laifin yana wuyansa. Ni nawa zan je in gyara."

Ranar Asabar ya hau babur ɗin haya zuwa Kasuwar Daji. Ya samu Malam Labbo a gona, gero ya kai gwiwa, tsohon yana duƙe da fartanya, hularsa ta jiƙe da gumi. Muhtari ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi.

Malam Labbo ya dogara da fartanyar ya ƙare masa kallo.

"Na tuna ka. Kai ne mai sa yara su rubuto tatsuniyar kakanninsu. Kuma kai ne ka bar aji sau biyu ranar kasuwar Shinkafi."

"Sau uku ne, ranka ya daɗe. Na ukun ka tafi taro Gusau."

Tsohon ya tuntsire da dariya har ya saki fartanyar.

"Na san da na ukun. Maigadi ya gaya mini. Da ka bar shi a biyu, da na ce ka dawo bayan girbi. Mu je inuwa."

A gindin wata tsamiya ya ɗora takardar a kan cinya ya rubuta rahotonsa. Bai ɓoye ranakun kasuwa ba. Ya rubuta su, ya kuma rubuta cewa bayan an yi masa faɗa bai sake ba, yara suna fahimtar karatunsa, kuma ba ya ƙarya ko a inda ƙarya za ta fisshe shi.

Da takardu suka kammala aka tura Gusau, Muhtari ya tafi tasha. Alhaji yana zaune a kan benci a rumfarsa, direbobi suna ta lodin Zurmi. Muhtari ya cire takalmi ya tsuguna.

"Mi ya kawo ka?"

"Haƙuri na zo bayarwa, Baba. Na ƙirga kwanaki, na ɗauka su ne ke tabbatar da mutum. Na rubuta wa Firdausi cewa na tabbata. Ta ce in nemo bambancinsa da an tabbatar da ni, na kuma samo. Na farkon ni kaɗai ne a ciki, ni na yi wa kaina shaida. Na biyun akwai wani a ciki, wanda ya duba aikina ya sa hannu. Ban yi niyyar ƙarya ba. Jahilci na yi, na kuma ƙi tambayar wadda ta sani. Kunyar da ka ji ni na jawo ta."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

Alhaji ya dube shi sosai. Labarin Faruku ya riga ya iso masa ta bakin Inna Tasalla, kuma yana jira ya ga ko yaron zai ɗora wa wani kayansa. Bai ɗora ba.

"Ka ga wancan mai jar hula?" Alhaji ya nuna wani direba. "Wata tara shina mayar mini da makulli kullum yamma. Bai taɓa ce wa kowa motar ta zama tashi ba. Wanda bai yi boko ba ya san wanga abu, kai da ke karantar da ɗiyan mutane ba ka sani ba."

"Yanzu na sani."

"Tashi. Ina ba ka zuwa azumi. Zaure dai ka manta da shi sai takarda ta zo."

A makon nan ne wani dattijo ya zo wa Alhaji da saƙon Faruku, wai tunda waccan magana ta lalace, ko za a duba tasa. Alhaji bai bari ya gama ba.

"Ka ce mishi direban da zai nuna wa ɗan'uwansa hanyar da gada ta karye don ya riga shi lodi, ba ya jan motata. Ka gaishe shi."

Da yammar ranar da ya je tasha, Muhtari ya rubuta wa Firdausi amsar tambayarta, kamar yadda ya faɗa wa Alhaji. Bai jima ba wayarsa ta yi ƙara.

"Ka ci tara cikin goma, ɗan gwajina. Ɗayan na riƙe don ka makara. Ni ma ka yafe mini, da na sake tambayarka a zaure da ba mu kai nan ba. Ka ci abinci?"

Muhtari ya karanta sunan nan sau da yawa kafin ya amsa.

Jira ya yi tsawo, amma ba jiran baƙin ciki ba ne. Gero ya yi kai, aka yanke, dawa ta fara nuna. Muhtari bai sake barin aji ba ko na minti ɗaya, har shugaban makarantarsu ya fara tsokanarsa cewa da ma kowane malami yana neman aure. Ya kuma zauna da sababbin malamai uku da aka turo, ya rubuta musu a allo duk matakan da Firdausi ta koya masa, ya ce kada wanda ya yarda da labarin ɗakin malamai. Saƙonninsa da Firdausi kuwa ba su yanke ba.

"Sakatariya, yau akwai jakar takardu daga Gusau?"

"Akwai. Takardun hutun haihuwa ne guda biyu. Ko in sa sunanka?"

"Ki bari sai nan da shekara, ki sa naki."

"Zan kai ƙararka wurin Inna."

Saura kwana tara a fara azumi, saƙo ya shigo masa yana tsakiyar darasi. Bai duba ba sai da aka kaɗa ƙararrawa.

"Ɗan gwaji, ka zo ofis yanzu. Ba sai ka zo da biro ba."

Ya same ta a bayan sabuwar kwamfuta, tafiretar tana gefe an lulluɓe ta da ƙyalle. Ta tura masa ambulan mai tambarin gwamnati da littafin da ake sa hannun karɓa. Sannan ta buɗe aljihun tebur ta ciro wani tsohon biro shuɗi ta ajiye a kan littafin.

"Kin ce ba ki gani ba."

"Ina ganinsa kullum. Sa hannu, akwai mutane a bayanka."

Alhaji Na'Allah bai yarda da karatun mutum ɗaya ba a wannan karon. Ya sa limamin unguwa ya nemo masa wani ma'aikacin asibiti ya karanta, sannan ya ɗauki takardar da kansa zuwa Kasuwar Daji, Malam Labbo ya sake karanta masa. Da ya ji bakinsu ya zo ɗaya, ya aika Zurmi cewa a dawo da goro.

Mako biyu bayan ƙaramar Salla, ranar Juma'a, aka ɗaura auren Muhtari da Firdausi. Kawu Mahmuda ya karɓa wa ango, Malam Labbo yana sahun gaba cikin farar riga. Motocin mata biyu na Alhaji ba su yi haya ba a ranar, dangin ango na Zurmi suka yi ta ɗaukowa.

Bayan an shafa fatiha, Alhaji ya ce a kira masa ango. A gaban dattawan tasha, waɗanda suka ga ranar da aka mayar da goro, ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli. Na wani ɗan gida ne mai ɗaki biyu da ya gina a bayan makarantar su Muhtari. Ya kamo hannun Muhtari, ya danƙa masa a tafi, ya rufe da nasa hannun.

"Ka kwana da shi."

Direbobin da ke wurin suka fashe da dariya da kabbara, don sun san nauyin kalmar.

Da la'asar aka kai amarya. Bayan mata sun watse, ya shigo da sallama ya zauna a gefenta.

"Kin yi mini alkawarin suna tun kina Gusau."

Ta ɗaga mayafi kaɗan.

"Maigidana. An duba aikinka, an gamsu, an tabbatar da kai."

"Wa ya sa hannu?"

Ta miƙo masa hannunta da ya sha lalle.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuriya mai jin magana, mai tambayar abin da ba ta sani ba. Ya zaunar da su lafiya, ya bar makullin a hannun da aka danƙa shi. Amin.